Paul Ehrlich, Likitan Da Ya Bi Sawun Rini Har Ya Kai Ga Garkuwar Jiki

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama a ɗakin shan magani a ƙasar Auyo, ko a wani gari na bakin Kogin Haɗeja, ya san waɗansu larurori da ba sa yankewa. Akwai mutumin da zai ci kifi ko gyaɗa, ko kuwa zuma ta harbe shi, kafin a jima jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura. Akwai wanda da zarar hunturu ya kama, ko an shiga sussukar shinkafa ƙura ta tashi, sai ƙirjinsa ya dinga kuka da asma. Akwai kuma yaron da zai yini yana iyo a magudanar ruwan noman rani, ya fito yana susa, bayan wata biyu ko uku a ga jini a fitsarinsa, watau tsargiya. A ido babu abin da ya haɗa waɗannan. Amma a wurin masana ilmin likita duk suna komawa ga wata 'yar ƙwayar halitta da ke kwance ƙarƙashin fata, da wani makari da jiki yake ƙera wa kansa a cikin jini. Mutumin da ya fara ganin ƙwayar nan, wanda kuma a rubutunsa ne aka fara cin karo da sunan makarin, wani Bajamushe ne da ake kira Paul Ehrlich.

An haife shi ran 14 ga watan Maris, 1854, a garin Strehlen na lardin Silesiya, wanda a zamanin yana hannun Jamusawa, yau kuwa yana cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri, mahaifinsa yana da masaukin baƙi. Ya yi sakandare a birnin Breslau, inda ya yi fice a lissafi da harshen Latin, amma rubutun insha'i ya zame masa ƙarfen ƙafa. Daga nan ya shiga karatun likita, ya zaga jami'o'i huɗu: Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig. Ba ɗalibin haddace littafi ba ne, kuma malamansa ba su ɗauka zai yi nisa ba. Abin da aka san shi da shi tun a lokacin shi ne yatsu masu launi iri-iri, da tebur wanda rini ya ɓata.

RINI DA NAMAN JIKI

A shekarar 1856 wani saurayi Baturen Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa, ba da daɗewa ba kuma masana'antun Jamus suka karɓe sana'ar, suka cika duniya da garin rini kala-kala. Irinsa ne ya iso kasuwannin ƙasar Hausa da sunan galura. Wani ɗan'uwan Ehrlich ta wajen uwa, Carl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, yana cikin na farko da suka yi amfani da wannan rini don rina ƙwayoyin cuta a gan su a madubin likita. A wurinsa yaron ya ga abin, ya kuwa shiga ransa har ƙarshen rayuwarsa.

Kowane marini a Ƙofar Mata ya san cewa yadda baba yake kama sawaye ba haka yake kama alharini ko fata ba, kuma akwai zaren da ko an kwana ana tsoma shi a karofi ba zai ci ba. Marini ya san haka ne ta hanyar aiki, ba ya bukatar dalili. Ehrlich dalilin ya nema. Ya lura idan ya yanki naman jiki siriri ya zuba masa rini, wani sashe yakan sha launin, wani ya ƙi, in ya sake rini sai abin ya juya. Ya yanke cewa ba shafa ba ce irin ta fenti a bango: akwai wata dangantaka tsakanin ƙirar sinadarin rinin da ƙirar abin da ya kama, sai sun dace suke riƙe juna. Wannan tunani ɗaya tak shi ne jarin da ya yi ta juyawa shekara kusan arba'in.

A shekarar 1878, yana da shekara 24, ya miƙa kundin digirinsa a Leipzig a kan rina naman jiki. A cikinsa ya bayyana wata ƙwayar halitta da ba a tantance ta ba kafinsa. Tana zaune ne a kewayen ƙananan jijiyoyin jini, a fata da hanji da hanyar numfashi, cikinta maƙil da waɗansu 'yan tsabobi waɗanda in an zuba musu shuɗin rini sai su rikiɗe su yi ja-ja. Ganin yadda ta cika ta batse, sai ya zaci abinci ta tara don ciyar da maƙwabtanta, ya raɗa mata suna daga kalmar Jamusanci ta kiwon turka, kamar dai a ce ragon layya da aka ɗaure ana ɗura masa dusa. Har yau likitocin duniya da sunan nan suke kiranta, ƙwayar mast, watau ƙosasshiyar ƙwaya. Ganin ya yi daidai, fassarar ce ta kauce, kuma sai da aka shekara 75 kafin a san abin da ke cikin tsabobin.

A wannan shekara aka ɗauke shi aiki a babban asibitin Charité da ke Barlin, ƙarƙashin Farfesa Frerichs, wanda ya gane irin mutumin da ya samu, ya sakar masa mara. Nan ya ƙirƙiro dabarar shimfiɗa ɗigon jini a kan gilashi, a busar, a rina. Da ita ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini gida-gida, har a 1879 ya bayyana wadda take shan wani jan rini mai suna iyosin, ya kira ta iyosinofil. Ran 24 ga Maris, 1882, yana cikin zauren da Robert Koch ya ba da sanarwar gano ƙwayar tarin fuka, cikin 'yan makonni kuma ya fito da hanyar rina ta wadda ta fi ta Koch sauƙi da fitowa sarai. Gwajin majina da ake yi wa mai tari, da gwajin jinin zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji na kowane babban asibiti, jikokin wannan aiki ne.

Ya auri Hedwig Pinkus a 1883, 'yar wani attajiri mai masaƙa, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Sai al'amura suka dagule. Frerichs ya rasu a 1885, wanda ya gaje shi kuwa ba ya ganin amfanin likitan da ke yini a kan madubi. Daɗin daɗawa, a 1888 Ehrlich ya rina majinarsa da dabararsa, ya ga ƙwayar tarin fuka da idonsa. Ya ajiye aiki, ya tafi Masar da matarsa neman busasshiyar iska, ya komo Barlin a 1889 da sauƙi, amma ba shi da aiki. Surukinsa ne ya ba shi kuɗin da ya kama wani ɗan ɗaki ya mai da shi wurin gwaji.

ZURMA DA IDON ZAKARA

A wannan hali na rashin muƙami ya yi aikin da ya fi kowanne tsabta a rayuwarsa, kuma da tsirrai biyu ya yi shi waɗanda kowane ɗan ƙauye a ƙasar nan ya sani. Ɗaya zurma, ɗaya idon zakara, mai jajayen 'ya'ya da ɗigon baƙi. A cikin ƙwayar kowannensu akwai guba mai kisa. Dalilin da ya sa ya zaɓe su shi ne ana iya auna su a ma'auni, saɓanin dafin ƙwayar cuta wanda ƙarfinsa yau daban gobe daban. Ya riƙa ba ɓeraye gubar zurma kaɗan-kaɗan a cikin abinci, yana ƙarawa, sai ga shi cikin 'yan makonni sun jure abin da ya ninka wanda zai kashe ɓeran da bai saba ba sau ɗaruruwa. Abin lura, ɓeran da ya gagari gubar zurma, da an ba shi ta idon zakara sai ya mutu kamar kowa. Ashe jiki ba ƙarfi yake yi gaba ɗaya ba, kowace guba da makarin da yake ƙera mata. A rahoton wannan bincike na 1891 ne ya yi amfani da kalmar da ta zama antibodi a bakin likitoci.

A shekarar da ta biyo ya yi wani gwaji mai ban sha'awa. Ya ɗauki 'ya'yan ɓeranyar da ba ta da makari ya ba wadda take da shi ta shayar, ya kuma mai da 'ya'yan wannan wurin waccan. Waɗanda suka sha nonon mai makari suka tsira daga gubar, waɗanda aka raba da ita kuwa kariyarsu ta yi ta raguwa. Ya kuma nuna uba ba ya gadar wa 'ya'yansa wannan kariya ko kaɗan. Yau an san cewa ɗan Adam yana samun kaso mai yawa na makarin uwarsa tun yana ciki, ta mabiyiya, sauran kuma ta nono, musamman dakashi na kwanakin farko. Duk ungozomar da ta hana a matse dakashi a zubar, ko ta sani ko ba ta sani ba, a kan hujjar ɓerayen Ehrlich take tsaye.

Ana cikin haka Emil Behring da wani Bajapane, Kitasato, suka nuna a 1890 cewa ruwan jinin dabbar da ta jure dafin cuta yana iya warkar da wata dabbar. Aka sa rai za a ceci yara daga mashaƙo, cutar da ke shaƙe maƙogwaro, wadda a lokacin take kashe dubban yara a Jamus kowace shekara, wadda kuma ta sake nuna kanta a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022. Amma maganin Behring ya ƙi zama: wata kwalba ta yi aiki, wata ta zama kamar ruwa. Ehrlich, wanda ya koma cibiyar Koch a 1891, shi ya kawo gyara da darasin zurma. Ya nuna yadda za a riƙa ƙara wa dabba dafi mataki-mataki har jininta ya yi ƙarfi, aka fara da awaki, aka koma dawaki, ya kuma tsara yadda za a auna ƙarfin kowace kwalba da lamba. A 1894 kamfanin Hoechst, wanda asalinsa masana'antar rini ne, ya fara sayar da maganin, mace-macen yara suka ragu ƙwarai.

Wajen rabon amfani ne aka yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Behring ya shawo kan Ehrlich ya janye daga kasonsa na yarjejeniyar kamfanin, shi ya yi arziki, kuma shi kaɗai aka ba kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Zumuncinsu bai sake komawa daidai ba. Wanda ya share wa Ehrlich hawaye wani ma'aikacin gwamnati ne, Friedrich Althoff na ma'aikatar ilmi ta Furushiya, mutum mai idon gane gwani. Shi ya sa aka kafa cibiyar gwajin ruwan jini a 1896 aka ba Ehrlich shugabanci, aka kuma mai da ita Frankfurt a 1899. Aikinta shi ne kada kwalbar magani ta fita kasuwa sai hukuma ta auna ta. Ma'aunin da ya kafa wa maganin mashaƙo shi ƙasashen duniya suka amince da shi a 1922.

KUBA DA MABUƊI

Tambayar da ta hana shi barci ita ce: ta yaya jiki yake sanin irin makarin da zai ƙera wa gubar da bai taɓa gani ba? A 1897 ya ba da amsa, ya kuma maimaita ta gaban manyan masanan Ingila a Landan a 1900, da zane-zanen da suka sa waɗansu dariya. A ganinsa kowace ƙwayar halitta tana da waɗansu 'yan hannuwa a bayanta, iri-iri, waɗanda take kama abinci da su. Guba ba ta cutarwa sai ta sami hannun da ya dace da ƙirarta, kamar yadda mabuɗi ba ya juyawa sai a kubarsa. Idan gubar ta toshe hannun, ƙwayar takan ƙera waɗansu a madadinsa, ta wuce kima, rarar ta zube cikin jini. Waɗannan zubabbun hannuwa su ne makari: suna tare gubar a hanya tun ba ta isa ga ƙwayar ba. Mai karatu zai ga cewa tunanin marinin nan ne dai ya sake riga.

Ya sha suka. Manyan masana irin su Bordet da Arrhenius da Gruber sun ƙi yarda, shi kuwa mutum ne da ba ya barin ko-ta-kwana, yakan ɓata makonni yana mai da martani ga wanda bai kai a kula shi ba. Gaskiya kuma akwai kurakurai a bayanin: ba kowace ƙwaya ke ƙera makari ba, wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, hannuwan kuma ba na cin abinci ba ne. Bayan mutuwarsa aka jingine ra'ayin shekaru da yawa, sai a 1955 da 1957 Niels Jerne da Macfarlane Burnet suka komo da gindinsa, watau cewa jiki yana da makullai iri-iri tun kafin baƙo ya zo, baƙon ne yake zaɓen nasa. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Élie Metchnikoff saboda aikinsu a kan garkuwar jiki.

Sai dai tun yana raye garkuwar ta fara nuna tana da wata fuska. A 1902 Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku don su jure shi. Maimakon juriya, karen da ya sha allurar farko lafiya, da aka ba shi 'yar kaɗan bayan makonni sai ya faɗi ya mutu cikin mintoci. A Biyana, Clemens von Pirquet ya lura yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki suna yin zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, kuma in an maimaita abin yakan zo da sauri. Shi ya ƙirƙiro kalmar alaji a 1906. Ehrlich kansa, da ya ziyarci Amurka a 1904, masani Theobald Smith ya ba shi labarin ɓerayen Masar da ake gwajin maganin mashaƙo da su, waɗanda suke mutuwa farat ɗaya idan aka sake yi musu allurar ruwan jinin doki. Da ya koma gida ya ɗora wa wani mataimakinsa, Richard Otto, binciken abin. Otto ya buga sakamakon a 1906, daga baya kuma ya nuna ana iya ɗaukar wannan lahani daga dabba zuwa dabba ta ruwan jini, alamar cewa shi ma wani makari ne yake haddasa shi.

A nan tarihi ya yi wani abin mamaki. Amsar tana cikin kundin digirinsa na 1878, amma bai waiwaya ba. Bai taɓa haɗa ƙosasshiyar ƙwayarsa da mutuwar ɓerayen Otto ba, hankalinsa ya riga ya koma wani wuri.

LAMBA 606

Wurin kuwa shi ne neman sinadarin da zai kama ƙwayar cuta ya bar mai cutar, kamar harsashin da ba ya kuskuren abin hari. Ya fara da ƙwayar ciwon barci da sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa. A 1904, shi da Kiyoshi Shiga suka sami wani jan rini da ya warkar da ɓeraye. Suka koma kan Atoxyl, maganin da ke da gubar asanik, wanda Koch ya gwada a tsibiran Tafkin Biktoriya aka yi garin neman gira a rasa ido, don ya makantar da waɗansu majinyata. Ehrlich da masu harhaɗa sinadarai na cibiyarsa suka yi ta sauya ƙirar maganin, suna ba kowane sabo lamba. A 1909 Sahachiro Hata, wani Bajapanen, ya gwada lamba 606 a kan zomaye masu tunjere, suka warke. Aka fitar da shi a 1910 da sunan Salvarsan, bayan an raba wa likitoci kwalabe 65,000 kyauta don a tabbatar da ingancinsa. Wanda ya fi shi sauƙin sarrafawa, lamba 914, ya biyo baya a 1912. Da su aka yi ta yaƙar tunjere har zuwan fenisilin a shekarun 1940. Magungunan ciwon barci da aka yi aiki da su a Arewa a shekarun 1930, zamanin da tashar binciken ƙudan tsando take Gadau, daga wannan zuriya ta rini da asanik suka fito.

Shahara ba ta kawo masa hutu ba. Waɗansu suka ce maganin tunjere zai buɗe ƙofar fasiƙanci, waɗansu suka zarge shi da kashe mutane da neman kuɗi, ƙiyayyar Yahudawa kuma tana ƙarƙashin da yawa daga cikin zarge-zargen. A 1914 har kotu aka je a Frankfurt, aka ɗaure wani mai yaɗa ƙazafin shekara guda. Shi kansa ba a rasa abin faɗi a kansa ba: a watan Oktoba na shekarar ya sa hannu, tare da masana 92, a wata takarda mai wanke sojan Jamus daga ɓarnar da suka yi a Beljiyam. Mutum ne mai ƙaramin jiki, ba ya cin abinci sosai, yana zuƙar manyan naɗin taba kusan 25 a yini, aljihunsa cike da fensira masu launi, yana zana sinadarai a kan ƙofa ko mayafin tebur ko duk abin da ya samu. Yakan lissafa abubuwa huɗu da mai bincike yake bukata: haƙuri, gwaninta, kuɗi da sa'a. Bugun jini ya fara kama shi a ƙarshen 1914, ya sake komowa a watan Agusta na 1915, ya rasu ran 20 ga watan a Bad Homburg yana da shekara 61. Behring yana cikin waɗanda suka yi jawabi a bakin kabarinsa.

ABIN DA KE CIKIN TSABOBIN

Shekara shida bayan rasuwarsa, a Breslau inda ya yi karatu, wani likita Carl Prausnitz ya ɗebi ruwan jinin abokin aikinsa Heinz Küstner, wanda ba ya cin dafaffen kifi sai jikinsa ya tashi, ya yi wa kansa allurarsa a fata. Kashegari ya sa ɗan ruwan kifi a wurin, nan take ya yi ja ya kumbura, alhali shi kifi bai taɓa damunsa ba. A 1953, a Dundee ta Sikotilan, James Riley da Geoffrey West suka tabbatar cewa tsabobin ƙosasshiyar ƙwaya ba abinci ba ne, rumbun histamin ne, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Saura makarin kansa. Shi kuwa ƙanƙancinsa ne ya ɓoye shi, don yawansa a jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na babban makarin da ake kira IgG ba. Sai a 1966 da 1967 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denver ta Amurka, da Gunnar Johansson da Hans Bennich a Uppsala ta Suwidin, suka kama shi, a 1968 aka sa masa suna IgE, na biyar a jerin makaran jiki.

Yadda abin yake, ran da mai wannan larura ya fara gamuwa da abin da jininsa bai haɗu da shi ba, ba ya jin kome. A ɓoye jiki yake ƙera IgE, shi kuma ya je ya manne a bayan ƙosassun ƙwayoyi, hannuwansa a miƙe, kusan yadda Ehrlich ya zana a Landan. Ran da abin ya sake shigowa ya haɗa hannu biyu, sai ƙwayar ta amayar da tsabobinta cikin mintoci. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, fata ta yi bori, hanci ya zuba, hanyoyin iska su tsuke. Idan a jiki duka abin ya faru lokaci guda, jini yakan faɗi, maƙogwaro ya kumbura, rai yana iya fita kafin a kai asibiti. A wannan hali ƙwayar Piriton ba ta isa ba, allurar adirenalin ce magani, shi ya sa ake ajiye ta kusa duk inda za a yi wa mutum allurar fenisilin ko ta makarin dafin maciji, wanda har yau daga jinin doki ko tunkiya ake samunsa.

To, me ya sa jiki yake riƙe da makamin da ke iya kashe mai shi? Amsar ta fara fitowa ne daga Afirka. A 1968 Johansson da abokansa suka auna jinin yara a Habasha, suka tarar IgE ɗinsu ya ninka na yaran Suwidin fiye da sau goma, mafi yawa kuma a wurin masu macijin ciki. Tsutsa ta fi ƙarfin farar ƙwayar jini ta haɗiye ta yadda take haɗiye ƙwayar cuta, sai dai a yi mata taron dangi: IgE ya manne mata, ƙosassun ƙwayoyi su ta da hanji ya yi ta murɗawa yana zubar da majina, iyosinofil su kewaye ta su zuba mata guba. Duka ƙwayoyin biyu Ehrlich ne ya fara bayyana su, shekara guda tsakani. A 1991 Paul Hagan da abokan aikinsa suka ba da rahoto daga Gambiya cewa bayan an yi wa mutanen ƙauye maganin tsargiya, waɗanda suke da IgE mai yawa a kan tsutsar, galibi manya, ba su cika sake kamuwa ba, yara kuwa da nasu bai nuna ba suka sake ɗauka.

Wannan ya shafi ƙasar Auyo kai tsaye. Inda duk aka tsai da ruwa don noman rani, kamar magudanan aikin Kwarin Haɗeja, ga kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ƙananan dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu sukan sami wurin zama. Susar da yaro yake yi bayan ya fito daga ruwa alama ce ta cewa 'ya'yan tsutsar sun huda fata, garkuwa ta yunƙura. Amma kariyar takan ɗauki shekaru kafin ta ƙosa, ba ta kuma cika ba ko ga babba, a tsakanin nan kuwa ƙwan tsutsar yana cin mafitsara. Jinin da ake gani a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake ɗauka a waɗansu wurare. Ciwo ne, maganinsa kuma firazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu.

A Jamus kuwa, da 'yan Nazi suka hau mulki, sun cire sunan Ehrlich daga titin da cibiyarsa take a Frankfurt a 1938, matarsa ta tsere zuwa Suwizalan, daga nan Amurka, inda ta rasu a 1948. Bayan yaƙi aka mai da sunan, aka kuma sa hotonsa a takardar kuɗi ta mak 200, wadda ta yi aiki har zuwan yuro a 2002. Cibiyar da Althoff ya kafa masa tana nan a garin Langen kusa da Frankfurt, tana ɗauke da sunansa, ita ce hukumar da ke tantance alluran rigakafi da ruwan jini a ƙasar, har da magungunan da ake gwada masu alaji da su.